Ƙafar Hagu ta Jirgin Sapar

Sapar ɗan Orinbasar ya yi shekara talatin da huɗu yana gyaran jiragen feshin gona a ƙasar Kostanai, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa tuƙa ko guda ba. Ba don bai so ba. Yana da shekara goma sha takwas ya je makarantar matuƙa, aka jingina shi da bango aka auna, aka ce tsayinsa ya gaza da santimita biyu. Ya ce bai yarda ba, a sake. Aka sake, wannan karon ba takalmi, giɓin ya koma uku da rabi. Sai aka nuna masa ƙofar sashen makanikai, inda ba a tambayar tsayi, hasali ma gajere ya fi daɗin shiga ƙarƙashin inji. Daga ranar bai ƙara barin wani mahaluƙi ya riƙe masa tef ɗin awo ba.

Ya yi aikinsa ba hayaniya. Matuƙa sukan ce in Sapar ya ɗaure noti, sai dai ƙarfen ya gaji ya karye, amma notin ba zai kwance ba. Ya auri Balkiya, 'yar kudu daga wajen Shimkent, tela mai ɗinka kayan amare, suka haifi 'ya ɗaya, Dariga, wadda ta yi aure a birni. Da ya ajiye aiki, mutane sun zaci zai yi abin da sauran tsofaffi ke yi, wato ya zauna a benci yana gyara wa gwamnati kurakuranta. Sai ya sayar da motarsa da rabonsa na dawakin gado, ya yi odar jirgi. Irin wanda ake aikowa a warwatse ne cikin akwatuna, da littafi mai kauri, kowa ya haɗa abinsa. Kujera biyu, farfela ɗaya, nauyinsa duka bai kai na saniya ba. Ya kuma shiga ƙungiyar masu ƙananan jirage ya koyi tuƙi, domin su ba sa jingina kowa da bango.

A duk ƙauyen gini ɗaya ne ke da daɓen siminti da ƙofar da fiffike zai wuce, shi ne tsohon rumbun ciyawar yayansa Jumagali. Jumagali ya girme shi da shekara goma sha ɗaya. Lokacin da mahaifinsu ya rasu Sapar yana ɗan shekara shida, Jumagali ne ya bar makaranta ya hau tarakta, shi ne kuma ke goya shi zuwa aji in dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Har yau da Sapar ke da shekara sittin da uku da furfura, sunansa a bakin Jumagali Auta. Gwiwoyin Jumagali sun daɗe da yin ritaya, amma cikinsa bai yi ba. Sikelin sayen alkama ya ba shi kilo ɗari da goma sha takwas. Shekara shida ana haɗa jirgin nan, shekara shida yana zaune kan kututture a bakin rumbu yana ba da shawara. Ba a taɓa ɗaukar ko ɗaya ba, shi ma bai taɓa lura ba.

A watan Satumba, bayan girbi, aka tura jirgin zuwa tsohon filin jiragen feshi a bayan gari. Ba tashi za a yi ba, gudu ne kawai a ƙasa, a ga lafiyar ƙafafunsa. Sapar ya ba shi wuta. Jirgi ya ɗauki hanya kamar abin kirki, amma da gudu ya ƙaru sai ya karkata hagu, ya bar filin, ya faɗa cikin karan alkama, ya tarwatsa agwagin maƙwabcinsu Tursun.

"Sapar," in ji Tursun, "in gona yake so, ka ɗaura masa garma mana, kowa ya huta."

"Bar shi ya saba," in ji Jumagali. "Ɗan maraƙi ma ba ranar farko yake miƙewa ba."

Sau uku aka gwada cikin mako uku, sau uku ya nufi hagu. Agwagin Tursun har sun koyi komawa dama da zarar sun ji inji.

Ana cikin haka Kyaftin Gennadi ya bugo waya. Shi ne tsohon matuƙin da ke duba jiragen da mutane suka haɗa da hannunsu, in bai sa hannu ba, jirgi ba zai bar ƙasa ba. Ya ce zai zo ranar Asabar, kuma ita ce fitarsa ta ƙarshe kafin dusar ƙanƙara ta rufe filin. In jirgi bai miƙe ba, sai watan Mayu. Sapar ya ce to. Abin da bai faɗa ba shi ne takardar lafiyar da likita ya ba shi za ta ƙare a watan Maris, kuma likitan ya daɗe yana sauraron ƙirjinsa kafin ya ce masa bai yi alkawarin wata ba. Wato in bana bai tashi ba, mai yiwuwa ne wani ya haɗa wa jirgin, ba kansa ba.

Daidaita ƙafafun jirgi ba wani sihiri ba ne. Ana sako zaren magina mai dalma daga hancin jirgi da kuma wutsiyarsa, a ja layin alli a daɓe tsakanin ɗigon biyu. A ɗora kowace taya kan faranti biyu na ƙarfe da giris a tsakaninsu, don ƙafa ta samu ta baje yadda take so. A manna miƙaƙƙen ƙarfe a gefen taya, a auna daga bakinsa na gaba zuwa layin alli, a auna daga na baya. In lambobin biyu suka zo ɗaya, taya na kallon gabanta. In ba su zo ba, a ɗaga jirgi, a kwance, a cusa siririn fallen ƙarfe, a sauke, a sake awo. Littafin ya ƙara da sharaɗi ɗaya: a sa nauyin matuƙi a kujera yayin awo.

Tun ranar farko da Sapar ya karanta wannan layin a fili, Jumagali ya miƙe daga kututturensa.

"To wa zai fara zama in ba ni ba?"

In an shimfiɗa tabarma, babba ne ke hawa can ƙurya, in an kawo kan rago shi ake miƙa wa, kuma kujerar hagu, ta matuƙi, ita ce ƙuryar jirgi. Da tsani ƙarami da taimakon Tursun aka shigar da shi. Daga nan kullum aka zo awo yana ciki, a miƙa masa shayi ta taga, shi yana kallon bangon rumbu kamar mai duba gajimare, Sapar yana kwance a ƙasa da tef. Kullum lambobi su zo daidai a rumbu, kullum jirgi ya karkata a fili.

Ranar Talata Sapar ya riga ya shiga ƙarƙashi kafin yayansa ya hau. Yana kwance, idonsa kan tayar hagu, sai ya ji tsani ya yi kuka, kujera ta amsa. A gabansa tayar ta zame waje kan farantin giris, faɗin yatsa uku, ta kuma juya baki. Ya daɗe a kwance yana kallonta. Jiragen da ya yi rayuwarsa yana gyarawa tan biyar ne, ko mutum ya shiga ko ya fita ba sa sani. Wannan kuwa kilo ɗari biyu da casa'in ne. Shi Sapar kilo hamsin da tara ne, rabin yayansa cif. Ashe mako uku yana daidaita ƙafar jirgi don matuƙin da ba zai tuƙa shi ba.

"Auta, ka yi barci ne a ƙasan?"

"A'a, Yaya. Ina tunani ne. Ko yau za ka gwada kujerar dama? An ce ta fi taushi."

"Ta fasinja? So kake Tursun ya yaɗa a gari cewa an zaunar da Jumagali a bakin ƙofa? Auna abinka."

Ya auna abinsa. Ya zo daidai.

Ranar Laraba da azahar, lokacin da Jumagali ke ɗan runtsawa, Sapar ya lallaɓo da buhun sha'ir a baro, wanda ya auna kilo hamsin da tara. Ƙofar rumbun a kan dogo take tafiya, kuma shekara arba'in ba ta taɓa buɗewa a asirce ba. Kare ya ɗauki haushi. Kafin ya kai buhun bakin kujera, ga Jumagali nan da riga a kafaɗa ɗaya. Ya dubi buhu, ya dubi kujera, ya dubi ƙanensa.

"Buhu za ka sa a wurina? Ina raye?"

"Haba Yaya. Matsar da shi nake, ɓeraye sun dame shi."

"Da ka tashe ni ai. Ba na son ka riƙa jin nauyina."

Sapar ya riƙe masa tsani ya hau.

Da la'asar ya koma gida ya zauna gaban shayi har ya huce. Balkiya, wadda shekara shida ba ta taka rumbun ba, don ta ce warin gam yana kama yadi, ta zubar da shayin ta zuba wani. Bai sha ba. Ta ajiye buta.

"Baban Dariga, ko dai ka faɗa, ko ka sha. Ganyen shayi ba a kwararo nake tsinta ba."

Ya faɗa mata, har da lambobi.

"To ka gaya masa mana."

"In ce masa me? Yaya ka yi ƙiba, sauka? Mutumin da ya goya ni, yau ni ne zan ce ya yi wa jirgina nauyi? Tun da gwiwarsa ta lalace babu wanda ya ƙara nemansa da wani aiki. Wannan zaman shi ne aikinsa."

"Kuma Asabar mai sa hannu zai zo."

"Asabar."

Balkiya ta juya cokali a kofi. Can ta ce, "Ragon nan mai baƙin kunne, ka ce sai auren jika za a yanka shi?"

Da safe ta soya baursak, irin fanken garinsu, ta cika kwano, ta tsallaka zuwa gidan Jumagali. Shekara talatin da takwas tana aure a dangin nan ba ta taɓa kama sunansa ba, shi kuma har yanzu Amarya yake kiranta.

"Babban Yaya, wata tambaya ce ta hana ni sakat. An yanke wa yaron nan zare kuwa?"

"Wane yaro?"

"Na rumbu. Shekara shida ana renonsa, yanzu ya fara tafiya yana tuntuɓe, kowa sai mamaki yake. Ni dai ban ji an kira biki ba."

Jumagali ya tsaya da lomarsa a hannu. Al'ada ce, ba gidan da ba a yi. In yaro ya fara tatata, a ɗaura masa zare baƙi da fari tsakanin ƙafafu, a kira mutum mai sauƙin ƙafa ya yanke, don yaron ya gaji tafiyarsa. Rabon da a kira Jumagali yankan zare shekara ashirin ke nan. Ko na jikansa na cikinsa, surukarsa malamin wasanni ta kirawo.

"Amarya, kina da gaskiya. To wa za a kira? Ɗan Tursun yana da gudu."

"Ba gudu muke nema ba, Babban Yaya, gudu ai yana da shi. Miƙewa ce babu. A garin nan wa ya taɓa ganin kunyar gonar da ka ja da tarakta ta karkace?"

Jumagali ya yi gyaran murya, ya dubi taga na ɗan lokaci, ya ce hayaƙin murhu ne ya shiga masa ido.

"Sai dai fa," in ji Balkiya, "a wajenmu kudu, daga an ɗaura zare mai yanka ba ya taɓa yaro har sai nama ya nuna. Uba ne ke riƙe da shi."

"To ai haka ya kamata. Ku 'yan kudu kun fi mu riƙon al'ada."

Ko akwai wannan doka a kudu, ko babu, ba wanda ya taɓa zuwa can daga ƙauyen balle ya bincika.

Ranar Juma'a aka yanka rago. Balkiya ta murɗa ulu baƙi da fari, ta ɗaura tsakanin ƙafafun jirgi, sako-sako. Aka shimfiɗa dardumar gashi a gaban farfela, Jumagali ya zauna a tsakiya da sabuwar hula, wuƙa a cinya, maƙwabta kewaye da shi. Sapar ya hau kujerar hagu. Sai a lokacin ya tuna cewa mutum ba ya zama a sama kuma ya yi awo a ƙasa. Balkiya na tsaye a gefen fiffike, ta miƙo hannu. Ya dubi tef ɗin, ya dubi hannun.

"Daga bakin ƙarfen zuwa tsakiyar layin alli," in ji shi ƙasa-ƙasa. "Ba gefen layin ba. Kada ki bari ya lanƙwashe. Kada ki ja shi da ƙarfi."

"Baban Dariga, na auna amare ɗari huɗu, kowacce tana riƙe numfashi tana yi mini ƙarya. Wannan ko motsi ba ya yi. Kawo."

Ya saki. Ta tattara siket ta durƙusa.

"Gaba, ɗari tara da goma sha huɗu. Baya, ɗari tara da biyar."

"Sake."

"Ɗari tara da goma sha huɗu. Ɗari tara da biyar. In sake na uku, ko ka yarda?"

Milimita tara. Tayar hagu na kallon gonar Tursun ƙiri-ƙiri. Sapar ya sauko, ya sa jak, ya kwance, ya cusa falle, ya ɗaure, ya sauke, ya gungura jirgin gaba da baya, ya koma kujera. Tara ta koma huɗu. Ya sake saukowa.

"Kai Auta," in ji Jumagali daga kan darduma, "hawa da sauka nawa za ka yi? Riƙe yaro aka ce ka yi, ba ka yi ta cakularsa ba."

"Takalmi nake gyara masa, Yaya."

"Gyara da kyau. Kada in yanka a ce hannuna ne."

"Jumagali," in ji Tursun, "in ya gaji tafiyarka fa, sai mun riƙa tura shi."

"In ya gaji bakinka, ai ba ya buƙatar inji."

Naman rago awa huɗu yake ɗauka, kuma Balkiya ta gaya wa mai dafuwar kada ta yi gaggawa. A zagaye na uku ta ɗago kai ta ce bambancin milimita ɗaya ne. Ta auna ta dama, ita ma ɗaya. Sapar ya buɗe baki zai ce a sake, sai ya rufe.

Da aka ce nama ya nuna, maza biyu suka matso za su kama Jumagali. Ya ture hannunsu. Ya dafa ƙasa, ya ja jiki, ya durƙusa kan gwiwoyin nan nasa a gaban tayoyin, kowa yana jin ƙararsu. Ya ɗaga tafuka, jama'a suka ɗaga.

"Allah Ya miƙe maka hanya. Kada ka yi tuntuɓe, kada ka kauce. Ka kai ƙanena inda ya daɗe yana son zuwa, ka kuma dawo mini da shi."

Ya yanke. Mata suka watsa alewa, ta yi ta ƙara a kan fiffike. Sapar ya so a tura jirgin fili nan take, amma ba a tashi daga kan nama kafin babba ya gama rabon kai, kuma Jumagali bai taɓa yin rabo cikin gaggawa ba. Kafin a shafa fatiha iska ta taso. Aka bar gwaji sai gobe, a gaban mai sa hannu.

Kyaftin Gennadi ya iso da hantsi, sama ta yi toka-toka, sanyi na cizon kunne. Ya zagaya jirgin sau biyu yana taɓa nan yana girgiza can, sannan ya je ƙarshen fili ya tsaya a tsakiya, ya ɗaga hannu. Sapar ya ba shi wuta. Agwagin Tursun suka kwasa dama kamar yadda suka saba. Jirgi ya taho, gudu ya ƙaru, wutsiya ta ɗago, ya wuce inda yakan kauce bai ko waiwaya ba, ya zo ya tsaya taku ashirin daga takalmin Gennadi. Gennadi ya ce a sake. Aka sake sau biyu.

"An ce mini yana cin hagu," in ji Gennadi, yana zaro biro. "Me ka gyara?"

Jumagali na tsaye a gefe, ya dogara da sanda, kunnensa a buɗe. Sapar, wanda shekara talatin da huɗu bai taɓa rubuta abin da bai auna ba a takardar jirgi, ya dubi yayansa.

"Yaya ne ya yanke masa zare."

Gennadi a ƙasar nan aka haife shi, shi ma wata tsohuwar maƙwabciyarsu ce ta yanke masa nasa. Ya sunkuya ya dubi sababbin fallayen da ke ƙyalli a ƙafar hagu. Ya miƙe ya dubi Jumagali daga hula har takalmi, ya ɗan daɗe a tsakiya. Sannan ya sa hannu.

"Hannunka na da albarka, Baba."

"Haka ake faɗa," in ji Jumagali.

Da azahar gajimare ya ɗan yage, Gennadi ya ce in za a yi, yanzu ne. Sapar ya ɗaura bel, ya ba shi wuta, kuma a daidai tsakiyar fili tayoyin suka rabu da ƙasa. Ya yi sama kan gonakin da aka girbe, ya karkata da gangan, ya fara zagaya ƙauyen. Balkiya ta riƙe bakin gyalenta da hannu biyu. Jumagali ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi, bai bari a ɗauko masa ba.

"Amarya," in ji shi, idonsa a sama. "A kudun naku, bayan an yanka, mai yanka yana iya shiga?"

"Sai bayan shekara guda, Babban Yaya. In ƙafarsa ta yi ƙwari."

"Haka na zata," in ji Jumagali. "Miƙo mini baursak ɗin nan."